Sunayen da Suka Ƙi Fita Daga Akwatin Auwalu

Rediyon farko da na buɗe da hannuna na wani makiyayi ne daga wajen Gwiwa. Ya kawo shi a naɗe cikin tsohon rawani, ya ajiye a kan teburin maigidana Malam Tanko, ya ce tun ruwan farko ya daina magana. Malam Tanko bai taɓa shi ba. Ya turo mini farantin silba ba komai a kai, ya ce, "Garba, buɗe. Duk abin da ka cire ka jera shi a nan, daga dama zuwa hagu, yadda ka cire shi." Na kwance kusoshi takwas, na ɗaga murfi, na tarar zanzaro ya gina ɗaki a jikin lasifika. Na fasa ɗakin, na share, rediyo ya yi magana. Na rufe ina murna. Sai ga wata 'yar roba baƙa, ba ta kai ƙwayar wake ba, ta rage a kan faranti.

"Wannan fa?" in ji Malam Tanko.

Na ce ai rediyon yana yi.

"Ban tambaye ka ko yana yi ba. Wanda ya ƙera shi ya fi ka sanin dalilin sa ta. Sake buɗewa."

A gaban mai rediyo na sake kwancewa. Sai da aka kira la'asar na gano wurin da robar take. Tun daga ranar ban taɓa miƙa wa mutum kayansa da wani abu a kan faranti ba. Doka ta biyu da ya ɗora mini ita ce, in ka gama gyara kada ka sallami kaya sai ka kunna shi ka zauna a gabansa, kai da kanka, ka ji shi ko ka gan shi yana aiki na tsawon lokaci. Da waɗannan biyun na ci abinci shekara da shekaru a Kazaure.

Ku samarin da ke layin masu gyaran waya, na ji kuna cewa aikinmu na dā wasa ne, wai rediyo ƙaton abu ne, komai a fili. Ban yi fushi ba. Amma ƙarfen da nake narka dalma da shi a garwashi nake gasa shi, don wuta ba ta zama. Idan ya yi zafi da yawa ya ƙona fanel, wato allon ciki mai ɗauke da ƙananan kayan. Idan bai yi ba dalma ta ƙi kamawa. Da kumatu nake auna zafinsa, ina kawo shi kusa. Mitar auna wuta ɗaya gare ni, allurarta tana maƙalewa sai na ɗan buge ta da yatsa. Sauran kayan aikin su ne filaya, sukundireba uku, tsohon buroshin haƙori, da kwalbar fetur ta wanke fanel. A ƙarƙashin tebur kuma akwai rediyoyin da suka mutu, waɗanda muke ciran kaya daga jikinsu. Gawa muke ce musu. Kowane mai gyara yana da nasa gawarwakin, kuma ya san abin da ya rage a cikin kowace.

Akwai kamfani ɗaya da na yarda da shi a duk rayuwata. Ba zan faɗi sunansa ba. Rediyonsa da rikodarsa sun cika ƙasar nan. Fatake daga wajen Babura sukan kawo nasu, wasu ma daga tsallaken iyaka, su biya da sefa. Idan na buɗe kayan kamfanin nan kamar na shiga gidan da na sani ne, na san inda kowane abu yake tun ban duba ba. Wayoyinsa a shirye, kusoshinsa ba sa cinyewa. Wani Alhaji mai sayar da hatsi ya kawo mini nasa bayan ya faɗa rijiya ya kwana biyu a ciki. Na wanke shi da fetur, na shanya a kan kwanon shago, kafin azahar yana karanta labarai.

Saboda haka ranar da ɗana Auwalu ya ce mini kamfanin ya fara ƙera akwatin gem, na wasa a talabijin, dariya na yi.

Auwalu shi ne babban ɗana. Shekara shida ya yi a gefen teburina, kuma hannunsa ya fi nawa natsuwa, wannan na faɗa a gabansa ba sau ɗaya ba. A lokacin ya yi aure, yana da 'ya ɗaya. Ya dawo daga Kano ne da wata takarda mai hoton akwatin.

"Baba, su fa suka yi. Mutanenka."

"Mutanena rediyo suke yi. Me ya haɗa su da wasan yara?"

"Kuɗi, Baba."

"Za su ƙone hannunsu. Akwai masu yin wannan tun tuni, su ya kamata a bar wa. Mai ƙira ba ya wayar gari ya ce shi maɗinki ne. Shekara biyu na ba su, za ka ga akwatunan nan a ƙarƙashin teburina."

"To in sun zo ka ajiye mini mai kyau," in ji shi, yana dariya.

Ba wannan kaɗai ne dalilina ba. Na ce masa rediyo abu ne mai gaskiya. Yana ɗauko murya daga iska, ya miƙa maka, ya sake ta. Ka kashe shi, shi ke nan, ba ya riƙe komai. Rikoda ma abin da ka sa mata take mayar maka, kuma kana ganin kaset ɗin da idonka. Amma abin da za a ce mutum ya zauna a gabansa yini guda yana danne-danne, in ya tashi babu labarin da ya ji, babu karatun da ya ƙaru da shi, ban ga abin da kamfani mai mutunci zai nema a ciki ba.

Bai yi gardama ba. Ya sayar da babur ɗinsa, ya sayi akwati ɗaya da talabijin da ƙaramin janareta, ya kama shago a Roni kusa da tasha. Wasan ƙwallo ne abin da samari suka fi so. Na ji labari shagon yana cika har a tsaya a waje. Sau da yawa ya ce in zo in gani. Nakan ce sai na sami sarari. Roni ba nisa, na je can gyara ya fi sau goma a waɗannan shekarun, amma ban taɓa leƙa shagon ba.

Shekara biyun da na ba kamfanin suka wuce, akwati ko ɗaya bai zo ƙarƙashin teburina ba.

Sai shekarar da zafi ya daɗe, ciwon sanƙarau ya shigo ƙauyuka. Aiki ya tsaya, don wanda ke jinya ba ya tuna rediyo. A cikin wata biyu samari uku suka rasu a unguwar da shagon Auwalu yake. Na farko Hamisu tela, sanƙarau. Na biyu Ɗanjuma direba, motarsa ta kife da buhunan gero. Na uku Auwalu. Ranar Talata ya ce wuyansa ya riƙe, ranar Juma'a kafin a tafi masallaci muka kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙansu.

Bayan sadakar bakwai na koma shago, don zama a gida ba ya yi mini. Ina cikin gyaran wata rikoda da hantsi sai babur ya tsaya a ƙofa. Sale ne, ɗan acaɓa, abokin Auwalu, magidanci mai 'ya'ya biyu. A bayansa akwai wata mota da ta sauke kawunsa Malam Idi. Na yi mamakin da bai hau bayan ɗan 'yar uwarsa ba. Sale ya kwance wani buhu daga bayan babur ya ajiye a bakin ƙofa, bai shigo da shi ba.

Bayan gaisuwa da ta'aziyya Malam Idi ya ce, "Malam Garba, da nauyi muka zo. Akwatin marigayi ne."

Ya yi mini bayani. Ashe a cikin wasan ƙwallon ana iya sauya sunayen 'yan wasa. Auwalu ya zauna ya goge sunayen Turawa na ƙungiya guda, ya sa na samarin unguwa, kowa da lambarsa. Da ita suke wasa, suna ihu idan mutum ya ga sunansa ya ci. Hamisu ne lamba goma sha ɗaya. Ɗanjuma goma. Auwalu tara.

Na dubi Sale.

"Ni ne takwas, Baba," in ji shi.

Ban san wanda ya fara lura da jerin ba, amma zuwa lokacin duk Roni ta sani. Liman ya yi magana a kai, ya ce ajali na Allah ne, akwati ba ya kashe kowa. Kowa ya ce haka ne. Amma ba wanda ke hawa babur ɗin Sale. Yakan tsaya a tasha daga safe har yamma, mata su wuce shi da kayansu a ka. Wanda ya saba ɗauka kullum zuwa gona ya koma tafiya a ƙasa.

"Har kawu," in ji Sale, yana wata 'yar dariya.

"Ni ƙafata ce ba ta son babur," in ji Malam Idi.

"Tun yaushe, kawu? Da salla ni na kai ka Gwiwa."

Malam Idi ya ce wasu sun so a ƙona akwatin, liman ya hana, ya ce dukiyar marainiya ce. Shawarar da aka yanke ita ce a kawo mini, in cire sunayen, Sale da kawunsa su gani da idonsu, su koma su shaida wa mutane. Auwalu kaɗai ke taɓa akwatin, sauran samarin hannun wasan da ake dannawa kawai suka iya riƙewa.

Na ce su ba ni kwana ɗaya. A raina na ce, kayan kamfanina ne.

Na buɗe buhu bayan sun fita. Akwatin baƙi ne, bai kai girman rikoda ba. A gabansa akwai wani ɗan abu kamar kwalin ashana, an tura shi a rami an liƙe da salatif. Shi na fara cirewa. Na ga yana da haƙoran ƙarfe a baki ɗaya, na ɗauka wani irin fis ne na kamfanin mai kare kaya daga ƙonewa, kuma ya yi sako-sako shi ya sa Auwalu ya liƙe shi. Na ajiye shi a dama can a kan faranti. Na kwance kusoshi, na ɗaga murfi. Ban gane gidan ba. Babu wayoyin da na sani, babu abin da zan kama da filaya. Amma na ga ɗan batir mai kama da maɓallin riga a jikin fanel, sai hankalina ya kwanta. Na san irinsa a rediyon mota, shi ke riƙe tashoshi, in ka cire shi rediyo ya manta komai. Na cire shi, na bari aka yi azahar da la'asar, na mayar. Na rufe akwati, na mayar da komai daga hagu zuwa dama, na ƙare da ɗan abin nan na gaba, na liƙe shi da sabon salatif.

Washegari da hantsi Sale ya zo. Na tada janareta, na jawo ƙofa don hasken rana yana kashe hoton. Ya riƙe hannun wasan, ya danna, ya danna. Jeri ya fito. Na sa tabarau na matsa kusa.

Suna nan duka. SALE, takwas. AUWALU, tara.

"Baba, ba su fita ba."

"Na gani. Dawo gobe."

Kafin ya tafi na ce ya nuna mini yadda zan gwada shi, don ba na sallamar kaya ban zauna a gabansa ba. Ya ce ana iya barin akwatin ya buga da kansa, haka Auwalu ke yi ranar kasuwa don jawo mutane. Ya saita, ya ajiye hannun a ƙasa, ya fita da sauri.

Na zauna ni kaɗai. Rana tsaka, layin shiru, kowa ya shige inuwa. A talabijin fili ne kore shar, irin wanda ba mu da shi a nan ko da damina. Mutane ƙanana suna gudu. Hannun wasan yana ƙasa kusa da ƙafata, ba mai taɓa shi. Duk wanda ƙwallo ta je wa, sai sunansa ya fito a ƙasan hoton. Ɗanjuma ya karɓa, ya yi gudu da ita ta gefe. Ya ba Hamisu. Hamisu ya ɗaga kai kamar mai neman wani, ya buga. Sunan da ya fito na gaba na riga na san shi tun ƙwallon tana sama. Fuskar ba tasa ba ce. Amma ya sa wa abin tsayinsa, da ɗan gemun da ya fara tarawa. Ya tsayar da ƙwallo da ƙirji, ya juya, ya buga ta shiga. Jama'ar da ba kowa ba ne suka yi ihu a cikin lasifika. Ya ruga zuwa kusurwa, ya tsaya, ya juyo yana duban waje.

Na tashi na je na duba janareta, ko da yake ba abin da ya same shi. Na dawo na zauna har aka tashi wasan, don haka dokar take.

Washegari na yi abin da na yi wa rediyon Alhaji mai hatsi. Na kwance komai, na wanke fanel da fetur da buroshi, gaba da baya, na shanya a kan kwano har ya yi zafin da ba a iya riƙewa. Na sa sabon batir. Na mayar da komai, faranti ya koma ba komai a kai. Sale ya zo, ya danna. Suna nan.

A ranar bai yi dariya ba. Ya ce matarsa ta ɓoye makullin babur da safe, sai da ya yi rantsuwa zai tafi a hankali. Ya ce hatsin gidan ya kusa ƙarewa. Ya tambaye ni ko in bar shi ya kai wa wani a Kano.

Na ce, "Shekara talatin ina buɗe kayan mutanen nan. Dawo jibi."

Da akwai waɗanda zan iya tambaya. A Kazaure ma an buɗe gidan gem ɗaya a lokacin. Amma in je in tsaya a gaban yaron da na girme wa ubansa, in ce ya koya mini kayan kamfanin da na ce ba zai kai labari ba, wannan ban iya ba. Na hau mota na tafi Kano. Na sayi wani akwatin irinsa na hannu, wanda kwansonsa ya fashe amma cikinsa lafiya, na sayi sabon faifan wasan a leda. Na dawo na kwashe duk abin da ke cikin akwatin Auwalu na tura ƙarƙashin tebur wajen gawarwaki. Na zuba na Kano a ciki, fanel, da abin karanta faifai, da na wuta, duka. Na sa sabon faifai. Ba abin da ya rage na Auwalu sai kwanso. Na rufe, na mayar da ɗan abin gaba, na liƙe.

Wannan karon da Malam Idi suka zo, don na aika cewa an gama. Sale ya danna. Malam Idi yana tsaye a bayansa yana jan carbi.

Jeri ya fito. Ba harafi ɗaya da ya motsa.

Na ɗauko tsohon fanel daga ƙarƙashin tebur na riƙe a hannu, ina duban sa, ina duban talabijin. Malam Idi ya tambayi mene ne wannan. Da na faɗa masa, sai ya ja da baya har ya bugi ƙofa, yana salati. Sale ya ajiye hannun wasan a hankali, ya goge tafinsa a riga.

Ni mutum ne mai salla, kuma na san wuta da waya. Ban taɓa yarda akwai wani abu a cikin kaya wanda mita ba za ta nuna ba. Amma a lokacin nan, da rana tsaka, tsigar jikina ta tashi. Na tuna abin da na faɗa wa Auwalu, cewa rediyo ba ya riƙe komai. Wannan ya riƙe, kuma ban san a ina ba.

Muna nan tsaye aka yi sallama. Lawan ne, wani abokin Auwalu mai sayar da kaset da faifai a Babura. Ya yi tafiya tsallaken iyaka, sai a makon ya dawo ya ji rasuwar, ya je gida aka ce ina shago. Ya durƙusa ya yi mini ta'aziyya, idonsa ya yi ja. Da ya ɗago ya ga talabijin, ya ga fuskokinmu, ya tambayi abin da ya faru. Sale ya ba shi labari tun daga farko.

Lawan ya dubi akwatin. Ya dubi salatif. Ya sa hannu ya rufe bakinsa.

"Baba, ka yi haƙuri, ba dariya nake ba. Wannan na gaban, kana cire shi?"

"Kullum. Kuma ina mayar da shi."

"Ka taɓa kunnawa ba shi?"

"Ba na kunna kaya da wani abu a kan faranti."

"Baba, ai ka rushe gida ka gina sabo, amma kullum kana mayar da mai gidan ɗakinsa." Ya kashe akwatin, ya ɓare salatif, ya zare abin ya ɗora mini a tafin hannu. "Memori ne. Duk abin da Auwalu ya rubuta a nan yake. Akwatin ba ya riƙe komai."

Ya kunna ba shi. Jeri ya fito da sunayen Turawa daga sama har ƙasa.

Sale ya zauna a ƙasa daɓas. "Kwana biyar," in ji shi. "Kwana biyar ina yi wa 'ya'yana kallon ban kwana saboda ashana."

Malam Idi ya ce, "Alhamdu lillahi. To a kawo guduma."

Abin yana hannuna. Ba shi da nauyi ko kaɗan. A bayansa akwai wurin da babban yatsa ya goge fenti saboda yawan turawa da zarewa.

"Lawan," na ce, "ana iya cire suna ɗaya a bar wani?"

"Ana iyawa, Baba, amma harafi-harafi ne. Zai ɗau lokaci."

"Malam Garba," in ji Malam Idi, "fasawa ta fi sauƙi, kuma ta fi kwantar da hankali."

"An aiko ku a cire sunayen masu rai. Za a cire su a gabanku. Sauran ba wanda ya aiko a kansu."

Bai so ba, amma ya zauna a benci. Lawan ya mayar da memori, ya fara daga lamba ɗaya. Kowane suna sai ya karanta da ƙarfi, Malam Idi ya ce ɗan gidan wane ne, sannan a goge. Da aka zo takwas Lawan ya miƙa wa Sale hannun wasan, ya nuna masa maɓallin. Sale ya danna sau huɗu. Haruffan suka tafi daga ƙarshe, ɗaya bayan ɗaya, wurin ya zama fili.

"Shi ke nan?" in ji shi.

"Shi ke nan, ka mutu a gem, ka rayu a Roni," in ji Lawan.

"Allah ya shirye ka."

Lawan ya tsallake tara da goma da sha ɗaya, ya gangara ƙasa. Ashe jerin yana ci gaba, akwai 'yan benci waɗanda ba sa fitowa sai an gangara. Ya goge uku, ya goge na huɗu. A na ƙarshe ya tsaya, ya sauke hannunsa a kan gwiwa.

Na matsa da tabarau. An rubuta BABANA.

Auwalu ya sa wa abin furfura. Ya sa masa gajarta irin tawa.

"Tun ranar da ya buɗe shagon ya rubuta," in ji Lawan, bai dube ni ba. "Samari suna ta tsokanarsa, wai tsohon da ko filin bai sani ba. Ya ce ranar da ka zo shagon zai sa ka a wasa. In goge, Baba?"

Malam Idi ya yi gyaran murya. Ya ce shi abin da ke damunsa shi ne wurin takwas da aka bari a buɗe. Mutane za su tambaya. Za su ce an goge suna ne kawai, amma kowa ya san wurin na Sale ne.

Na ce wa Lawan, "Ana iya ɗauko ɗan benci a sa shi a ciki?"

"Ana iyawa."

"Sa shi a takwas."

"Baba," in ji Sale, ya miƙe tsaye. "A'a, wallahi. Ban zo nan don wannan ba."

"Kai ka ce ashana ce. Malam Idi, ka gani da idonka. Ka je ka faɗa musu takwas ta sami mai ita, kuma da bakinsa ya nema. Lawan, danna."

Ya danna.

Da za su tafi, Malam Idi ya tsaya a bakin hanya yana duban ko mota za ta zo. Sale ya tada babur ya tsaya a gefensa. Sun daɗe a haka. Daga baya tsohon ya tattare rigarsa ya hau, ya ce, "A hankali dai." Ranar kasuwar da ta biyo baya aka ce mini Sale bai sami lokacin cin abinci ba.

Akwatin na mayar wa iyalin Auwalu, aka sayar, aka yi wa yarinyar amfani da kuɗin. Memorin na roƙa aka bar mini. Kamfanin kuwa ya yi ta ƙera sababbi, har ya daina yin irin rediyon da na sani. Na yi kuskure a kan kasuwarsu, wannan na yarda. Amma har yau ban ga ya dace mutanen da suka iya sakin murya su koma riƙe sunaye ba.

A Roni tsofaffin da suka san labarin, in suka gan ni, sukan gaishe ni da wata irin kulawa, su tambayi jiki sau biyu. Na san abin da suke dubawa. Jikokina sun fara girma, gashin kaina ya kai wanda Auwalu ya sa wa abin, ya wuce. Ni ne na gaba, kuma ba na gaggawa.